Rantsuwar Nomau a Bakin Tanderu

Ku matso, ku rage murya. Mai jin fitsari ya je yanzu, don in na fara ba mai raka shi. Kuma kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta, wannan ba tatsuniya ba ce.

Kun san tsohon gidan burodin nan na bayan kwari, wanda rufinsa ya rufta? Akwai mutumin da ya yi aikin wuta a wurin, sunansa Nomau. Shi ke hura tanderun da ake gasa burodi. Masu kwaɓi su gama su tafi gida, a bar shi daga shi sai itace har asuba. Tun yana saurayi yake wannan aiki, har gashin hannunsa ya daina fitowa.

Nomau ba mugu ba ne, gajiyayye ne. Matarsa Hansai ta yi doguwar jinya, irin ciwon nan mai cin mutum daga ciki. Can ƙarshe azaba ta sa ta bar salla, ta riƙa faɗin maganganun da ba a maimaitawa. Ranar sadakar uku wata tsohuwa mai baki kamar reza ta ce ita dai tana jiye wa Hansai makwancinta. A kunnen Nomau ta faɗa.

Tun daga ranar ya ce babu. Babu wuta, babu hisabi, babu tashi. Mutuwa barci ce, Hansai barci take yi, kowa ya ƙyale ta ta huta. Yana bin sahu a masallaci don kada a yi da shi, amma in aka ce masa Allah ya jiƙan Hansai, sai ya sunkuyar da kai, ba ya cewa amin. In ya amsa, ya yarda ke nan tana wani wuri inda take neman jinƙai. Ni dai tausayi yake ba ni, don wannan babu ɗin ita kaɗai ta rage masa.

Wani dare da damina, ruwa ya ɗauke, kwaɗi na ta kuka a kwari. Sai suka yi tsit gaba ɗaya.

"Salamu alaikum. A sam mini wuta."

Wani dattijo ne a bakin ƙofa, riƙe da ɗan kasko. Ba a hana mutum wuta, ko maƙiyinka ne. Nomau ya amsa sallama, ya ce ya shigo ya ɗiba.

Ya shigo a hankali. Waje duk caɓi ne, amma ƙafafunsa a bushe suke ƙayau. Bai nufi tanderu ba, ya sami kututture ya zauna.

"Baba, ai mai ɗiban wuta ba ya zama."

"Na gaji ne, ɗana."

A nan Nomau ya lura. Bakin dattijon ne ke motsi, amma muryar daga bayansa take fitowa, daga cikin tanderu.

Ƙafafunsa suka ce a gudu, ƙugunsa ya ce ina. Mutumin da ya gaji da duniya ko tsoro ba ya samun wurin zama sosai a jikinsa. Yana kallo dattijon ya miƙa hannu cikin wuta, ya zaɓo garwashi ɗaya kamar mai zaɓen goro a faranti, ya riƙe shi a tafin hannu.

"Kai ne Nomau mai cewa babu?"

"Ni ne."

"Takanas na zo wurinka. Mu ma mutanen ɓoye muna mutuwa, daɗewa kawai muke yi. Na san kwarin nan tun yana kogi. Yanzu kwanana ya ƙare, kuma kayan da na ɗaura ba sa ɗaukuwa. Na ɓatar da matafiya. Na raba uwa da hankalinta. An ce akwai wata wuta da ko mu ba ma iya taɓa ta. Na tambayi namu, kowa ya kau da kai. Sai na ji labarin wani bil'adama da ya tabbatar babu."

"To wa ya taɓa ganinta?"

"Ba wannan na tambaye ka ba. Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"Rantse mini, in je in kwanta da daɗin rai."

Nomau ya dubi idonsa. Ba mugunta a ciki, roƙo ne zalla, irin na majinyacin da ke son a ce masa zai tashi. Tausayi ya kama shi. Ya buɗe baki, sai abin da kowane ɗan garin nan ke faɗa tun yana koyon magana ya fito da kansa.

"Wallahi tallahi babu komai, Baba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa."

Garwashin da ke hannun dattijon ya dushe, ya mutu murus.

"Da wa ka rantse?"

Nomau ya kau da kai.

"Ranka a hannun wa?"

Ya laluba ko zai sami wani abin rantsuwa daban. Kabarin Hansai? A faɗarsa ai ƙasa ce kawai. Ya duba ko'ina a cikin kansa, bai sami abin da zai dafa ba.

Dattijon ya yi ajiyar zuciya, har toka ta tashi a bakin tanderu.

"Ashe kai ma ba sani ka yi ba. Gajiya ce ka yi, irin tawa."

Bai yi fushi ba. Da ma fushin ya yi, da ya fi sauƙi. Ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya nufi ƙofa.

"Baba," in ji Nomau. "In ka je, ka dawo ka gaya mini. Akwai wata mata, Hansai sunanta."

"In babu, wa zai dawo? In akwai, wa zai bar ni?"

Ya kamo hannun Nomau, ya sa masa mataccen gawayin nan. Sanyinsa kamar ƙanƙara.

"Riƙe abinka. Na kashe maka babun da kake jin ɗumi da ita, ka yafe mini."

Ya fita da kaskonsa ba komai a ciki, ya gangara kwari.

Da asuba masu kwaɓi suka tarar da tanderu ya huce, ƙullu ya kumbura har ya zubo ƙasa, Nomau na zaune da gawayi a hannu. Babbansu, Malam Jatau, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga fuskarsa. Ya ɗauka tsohon mikin ne ya tashi. Ya dafa kafaɗarsa.

"Sai haƙuri, Nomau. Allah ya jiƙan Hansai."

Nomau ya dubi gawayin da ke hannunsa. Can ya ɗaga kai.

"Amin," ya ce. "Malam, ƙara faɗa."

Malam Jatau ya ƙara. Nomau ya amsa, ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Don haka kada in ji wani ya bi hanyar kwari shi kaɗai bayan isha. In tsautsayi ya kai ku, baƙo ya nemi wuta, ku ba shi, ku kama bakinku. Kada ku rantse masa a kan abin da ba ku gani ba.

Wanda ke kusa da fitila ya hure ta.