Ƙaramin Zubin Efren

A unguwarsu cikin garin Dumaguete na ƙasar Filifin kowa ya san Efren da kartar intanet, irin gasar da ake zama mutum biyu gaba da gaba sai ɗaya ya tashi hannu wayam. Kafin a buɗe katuna ukun tsakiya yakan ninka zubin dole, wato kuɗin da tilas a fara sawa a tsakiya, sau biyu kawai, don ƙaramin ƙari ke ba mutum damar shiga kowane zagaye. Da an buɗe su sai ya sake zubawa, ko sun dace da katuna biyun da ke hannunsa ko ba su dace ba, don abokin karawa ya tsorata ya ajiye nasa ya bar masa kuɗin. Ya iya wasan, amma zaman ƙarshe kullum sai ya kufce masa, kuma ya gaji da ganin matarsa Merlita tana suyar ayaba a bakin titi.

Wannan ya kai shi tsibirin Siquijor, wurin tsohuwar bokanya Nang Ebyang. Bukkarta babu taga. Kwalaben man kwakwa cike da saiwoyi suna jere a ƙasa, ga baƙin kyandir yana ɗiga a kan ƙoƙon kan akuya. Ta sa ya bayyana mata wasansa tsaf, tana kiransa Dong, wato yaro.

"Dong, in ka ci da hannu babu komai, wa ya cika maka shi?"

"Tsoron abokin wasa, Nang."

"Daga yau kana da mai cika maka. Shi ma ɗan wasa ne, kuma irin wasanka zai yi da kai."

Efren ya matsa sai ta faɗi ladan. Ta ce kaɗan yake farawa. Hankalinsa ya kwanta, ya manta dalilin da shi kansa yake farawa da kaɗan. Ta karɓi matajin gidansu da ta ce ya zo da shi, ta tsefe gashin da ke maƙale a jikinsa, ta binne tsakanin katuna biyu a kife.

Nasara ta zo kamar ambaliya. Merlita ta bar suya, aka rushe gidan katako aka gina na siminti. Zakaransa ya mutu, bai kula ba. Kare ya bi, mangwaron tsakar gida ya bushe. Sannan mahaifiyarsa, Nanay Soling, ta kife tana wanke shinkafa, ko ciwon kai ba ta yi ba. Bayan jana'iza Merlita ta daina magana, sai dai ta jera faranti uku a tsakiyar tebur ta zauna tana jiran a zuba. Saura 'yarsu Lorna, wadda ita ma da wannan mataji ake taje mata kai.

Efren ya fasa kwamfutarsa, ya koma gaban tsohuwar ya durƙusa, ya ce ya ajiye, ya bar wasa har abada.

Ta dube shi da tausayi. "Kai ne gwani, Dong. In mutum ya ajiye, abin da ke tsakiya na wa ne?"

Ya sani: na wanda bai ajiye ba ne.

Da ya sauka daga jirgin ruwa ya tarar an kafa rumfa a ƙofar gidansa, ga ƙaramin farin akwatin gawar Lorna a ciki. Maƙwabta sun shimfiɗa karta yadda aka saba a can a zaman makoki, don a agaza wa jana'iza da kuɗin wasan. Wani dattijo ya ja masa kujera, ya raba masa katuna biyu.

Har yau yana riƙe da su a bakin tashar jirgin, ya ƙi buɗewa, ya ƙi ajiyewa. Kai da ke neman ci da hannu wayam, ka tambayi wa aka zuba a tsakiya, don abin da ya fara da kai da kaɗan ba ya tashi sai ya share teburin.