Zakin da Solène Ta Aro

Ranar Litinin Malama Guérin ta ba 'yan aji huɗu aiki. Ta ce kowa ya kawo wani abu na tarihin gidansu, a liƙa a bango ranar da iyaye za su zo.

Nan take wani yaro, Aubin, ya ɗaga hannu.

"Mu tambari gare mu, Malama. Shuɗiyar garkuwa da farin doki. Yana saman ƙofar gidan kakata."

Ya waiwayo ya dubi Solène Vannier. "Ku fa? Ko kaza ce a naku?"

Aka kwashe da dariya. Solène ta sunkuyar da kai.

Da ta koma gida ta buɗe kwamfutar babarta, ta rubuta sunan gidansu. Sai ga wata jar garkuwa da zaki a tsaye, an rubuta Vannier a ƙasa. Ba ta tambayi kowa ba. Ta zana shi a babbar takarda, ta shafe shi da launi.

Ranar Juma'a, ranar zuwan iyaye, kakanta ne ya zo, yana dogara sanda. Ya daɗe tsaye gaban zanen.

Malama ta ce, "Baba, ba mu labarin zakin nan naku mana."

Tsoho ya gyara tabarau. "Ni dai yau na fara ganinsa."

Solène ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Malama ta cire zanen a hankali. "Solène, tambari na gida ɗaya ne, ba na duk mai sunan ba. Wannan yana da masu shi. Kayan mutane kika ɗauko."

A hanyar gida suka bi ta bakin kogi. Can Solène ta ce, "Kaka, ka yi fushi?"

"A'a. Abin da ya dame ni, kin tafi aro ba ki tambaye ni me muke da shi ba. Kin san ma'anar sunanmu?"

Ta girgiza kai.

"Masaƙin kwando. Sana'ar gidanmu ke nan tun kakanni. Shekarar da kogin nan ya yi ambaliya, kakata ta ba da duk kwandunanta. Aka cika su da duwatsu, aka toshe inda ruwa ya ɓalle. Shi ya sa ƙauyen nan bai nutse ba."

Solène ta tsaya cak. "To mu ba za mu iya yin namu tambarin ba?"

"Kowa na iya yin nasa, muddin bai kwaikwayi na wani ba. Amma ke za ki zana. Ni ko kwando na zana, sai ki ce tukunya ce."

Ranar Asabar suka zauna a teburin cin abinci. Ta zana koriyar garkuwa, kwando a tsakiya, ruwa a ƙarƙashinsa.

Da aka koma makaranta ta tsaya gaban aji. Ta ba da haƙuri, sannan ta ba su labarin ambaliyar. Har Aubin ya tafa mata.

Malama ta liƙa zanen a bango, ta ce, "Kun gani ko? Kada ku ji kunyar asalinku. Kafin ku yi sha'awar na wasu, ku tambayi manya labarin naku."