Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar da wani saurayi ya fara shigowa ofishin neman aiki, katin guraben aiki uku ne kacal a kan allo, mutum arba'in da shida kuma a kan benci. Wata budurwa ce ke manna katunan, ita ke cire su, shi ya sa kowa ke ce mata Mai Allo.

Ya miƙa mata takardunsa da hannu mai tabon tartsatsi. Shekara shida yana walda a kamfanin ƙera ƙofofi, kasuwa ta faɗi, aka sallami rabinsu rana ɗaya.

“Lambarka arba'in da bakwai,” ta ce, kanta a sunkuye.

“Ina da suna fa, Malama.”

“A nan lamba ce ke aiki.”

Sai ta ɗago kai suka haɗa ido. Yarinyar da ba ta taɓa kuskure a rajista ba, ranar sau biyu ta rubuta lambar wayarsa ba daidai ba.

Daga nan bai taɓa fashi ba. Abokan benci har tsokanarsa suke: “Kai aikin kake nema ko mai manna shi?” Shi dai sai murmushi, don duka biyun yake nema.

Wata rana da ta ga jikinsa ya yi sanyi, ta ce, “Shekara huɗu ina gaban allon nan. In kasuwa ta faɗi, allo ya bushe, benci ya cika. In za ta farfaɗo, direbobi da masu lodi ake fara nema, don kaya sun fara motsi. Bayan wata biyu ko uku sai a waiwayi irinku.”

“To ni zan riƙa ƙirga miki direbobi,” in ji shi.

Maganar aure ce ta zo da gardama. Babanta tsohon tela ne, shi ma masaƙa ta taɓa sallamarsa. Ya ce, “Wata goma sha ɗaya na yi a irin bencin nan, na san abin da yake yi wa gida. Na ba shi wata uku. In babu aiki, babu magana.”

Goggonta kuwa tuni ta tanadi wani mai kemis. “Shi nasa aikin ba ya tsayawa,” in ji ta, “ciwo ba ya zuwa hutu.”

Saƙonsa kan shigo kullum bayan an tashi daga ofis:

“Mai Allona, yau na ga direba biyu da mai lodi ɗaya. Da gaske ne, ko idona ke min daɗin baki?”

“Da gaske ne, Arba'in da Bakwai ɗina. Yi haƙuri, ka ci abinci.”

Saura kwana tara wa'adin Baba ya cika, katin ya iso: ana neman mai walda, mutum ɗaya. Dokar ofis ita ce wanda ya fi daɗewa yana jira shi ake turawa. A cikin masu walda kuwa, lamba sha biyu ne, wani dattijo mai 'ya'ya biyar, wanda takalminsa ya ƙare a hanyar ofishin.

Katin ya yi awa biyu a cikin durowarta. Ba wanda ya gani, ba wanda zai sani. Tana son Arba'in da Bakwai, so na gaske, kuma ta san abin da za ta rasa. Sai ta ɗauko katin ta manna a allo, ta yi kira.

“Lamba sha biyu.”

Masoyinta ya dube ta, ya tashi ya fita ko sallama babu. Kwana biyu wurinsa a benci ba kowa, ita kuma abinci ya ƙi shiga. A na uku wayarta ta yi ƙara:

“Na ji haushinki, ba zan ɓoye ba. Amma da kin ba ni, har abada ba zan iya haɗa ido da dattijon nan ba. Ki yafe min, zuciyata.”

“Na yafe. Gobe ka zo da wuri, benci ya yi kewarka.”

Ranar da wa'adi ya cika ya je gaban Baba hannu rabbana, ya durƙusa ya ce bai samu ba. Ashe Umma, mahaifiyar Mai Allo, ta riga ta kwashe labarin katin ta faɗa masa.

Baba ya sunkuyar da kai. “Ni katin da na jira wata goma sha ɗaya, ta ƙofar baya aka miƙa wa ƙanin wani ma'aikaci. Har yau ban manta ba.” Ya ɗago. “Ta hana ka, kuma ka dawo?”

“Na dawo, Baba.”

“Direbobi nawa ne a allon yanzu?”

“Goma sha huɗu.”

“To aikinka na hanya. Turo min manyanka.”

Mako biyar bayan nan kamfanin ya nemi ƙarin masu walda uku, aka kira arba'in da bakwai. Ranar ɗaurin aure, dattijon nan ya nemi izinin rabin yini, ya iso da sabon takalmin aiki a ƙafarsa. Ya riƙe hannun ango ya ƙi saki, ya juya wajen Baba da ƙwalla a idonsa.

“'Yarka ta ciyar da gidana. Allah Ya ciyar da nata, Ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.”

Baba ya ce amin, har sau uku.