Kujerar Gaba a Motar Ɗalha

Hinda tana gaban madubi tana ɗaura kallabi sai ta ji an rufe ƙofar mota a waje. Ba sai ta leƙa ba. Inna Hannatu ce, uwar mijinta, ta riga kowa fita ta zauna a kujerar gaba, kamar yadda take yi tun ranar da motar ta shigo gidan, wata biyar ke nan.

"Malam, yau ma?" ta tambayi mijinta a hankali.

Ɗalha ya sunkuya yana neman takalminsa. "Ki yi haƙuri, Hinda. Tsohuwa ce."

"Na san tsohuwa ce. Amma sunan ƙawata za mu je, Inna ba ta ma san mai jegon ba."

"Ta ce tana so ta sha iska."

Hinda ta ɗauki jakarta ta fita, ta gaida surukarta, ta shiga baya kusa da buhun takin da Ɗalha zai sauke wa wani a hanya.

Motar fara ce 'yar Kwatano, ta sha tafiya kafin ta iso Dungas, amma injinta lafiya lau. Ɗalha yana sayar da taki da irin shuka a kasuwa, Hinda kuma tana koyarwa a lakkol, wato makarantar boko. Da kuɗin motar suka ƙi cika, ita ce ta sayar da saniyar da kakarta ta ba ta. A lokacin abin da take hangowa shi ne ita da mijinta a gaba, ya buɗe gilashi, suna hira har Magarya. Ba ta taɓa samun hakan ba ko sau ɗaya. In Ɗalha zai zagaya cikin gari shi kaɗai, Inna ba ruwanta. Amma da zarar an ce za a hau babbar hanya, sai ta yafa mayafi.

Da farko haushi Hinda take ji. Daga baya haushin ya fara komawa mamaki, domin Inna ba mai son mota ba ce. Warin mai yana tayar mata da zuciya, shi ya sa kullum take riƙe da lemon tsami tana shinshina. In an sauka sai ta kwanta rabin yini tana kukan baya. To, me take nema a ciki?

Ranar sunan nan Hinda ta sa ido sosai. Inna ba ta hira, ba ta kallon gonaki. Ta kafa ido a gefen hanya, can sai ta ce, "Akwai jaki." An jima kaɗan, "Ga mai kabu-kabu nan zai fito." Ko kuma, "Yara a bakin rijiya." Ɗalha, wanda ba ya son a koya masa aiki ko a shago, ba ya cewa komai, sai dai ya rage gudu. Hinda ta lura da wani abu kuma: duk abin da Inna take faɗa a hannun dama yake. Garken shanu guda ya taso daga hagu, tsohuwar ba ta ce uffan ba, Ɗalha kuwa ya gan su tun daga nesa ya taka birki.

Ta so ta tambaya, amma ba ta san ta inda za ta fara ba.

Yayarta Jamila, wadda take aure a Magarya, ita ba ta ga abin mamaki a ciki ba. Da suka yi waya cewa ta yi, "Ke dai kin cika sanyi. Saniyarki tana cikin motar nan, amma ke da buhun taki ne a baya? Wallahi mulki ne kawai take nuna miki. Ni ce da tuni na yi magana."

"Yaya, ni ina ganin ba mulki ba ne. Akwai dai wani abu."

"Bon, to ki zauna kina bincike kamar jandarma. Ran Lahadi ina nan zuwa, zan gani da idona."

Jamila ta zo ta kwana biyu. Ranar da za ta koma sai aka wayi gari Inna tana fama da zazzaɓi, ko tashi ba ta iya yi. Ta kira ɗanta ɗaki, Hinda tana jin muryarta ƙasa-ƙasa: "Ka bari sai na warke. Ka sa ta a motar haya." Ɗalha ya fito ya fara kame-kame, wai tayar baya ba ta da iska sosai. Jamila ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ashe in Inna ba ta nan mu ba mu isa a ɗauke mu ba?"

Maganar ta soke shi. Ya ɗauki makulli.

Haka Hinda ta zauna a gaba karon farko. Hanya ta yi kyau, gero ya fitar da kai, Ɗalha yana tuƙi a hankali, hannu biyu a kan sitiyari, gumi yana tsattsafo masa a goshi. Ta ɗauka zafi ne. Sun wuce rabin hanya sai ga amalanken shanu ɗauke da jarkokin ruwa ya fito daga wata 'yar hanya ta dama. Hinda ta gan shi sarai. Ta jira ya rage gudu, bai rage ba.

"Malam, amalanke!"

Ya juyo da kansa gaba ɗaya, ya take birki, ya karkata hagu. Madubin gefe ya daki ƙarfen amalanken ya tarwatse, jarkoki biyu suka faɗo. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Mai amalanken, wani dattijo, ya sauko yana salati, ya ce, "Ɗana, tun daga can nake ɗaga maka hannu. Ba ka gan ni ba?"

Ɗalha ya ba shi haƙuri, ya taya shi ɗora jarkokin. Har suka isa Magarya Jamila tana ta duban ƙeyarsa.

Washegari da hantsi Ɗalha yana zaune a tabarma yana gyaran rediyo. Hinda ta cire takalmi, ta zo ta damansa a hankali, ta miƙa masa kofin kunu, ta tsaya. Kofin yana dab da kuncinsa. Ta ƙirga har ashirin a zuci, bai motsa ba. Ta zagaya ta hagu, tun ba ta ƙaraso ba ya ɗago ya yi murmushi ya miƙo hannu.

Nan take abubuwa da yawa suka dawo mata. Lokacin da yake zuwa zance, kullum ta hagunsa yake sa ta zauna. In yana zuba shayi yakan riƙe kofin har ya taɓa bakin buta. Ta ajiye kunun ta wuce ɗakin Inna, ta durƙusa bakin gado.

"Inna, idonsa na dama ne, ko?"

Hawaye suka gangaro wa tsohuwar. "Shekara shida ke nan, 'yata. Muna girbi a Mallawa karan gero ya soke shi. Ciwon ya warke, idon ya koma kamar ba abin da ya same shi, amma ganin ya tafi. Permi ɗinsa na tuƙi kuwa tun kafin nan ya samu. Da zai nemi aurenki ya ce zai faɗa, ni na hana. Na ce 'yar boko ce, mutanenta za su ce ba su ba mai ido ɗaya. Da ya nace sai ya sayi mota na yi faɗa har na gaji, ya ƙi ji. Sai na ce to, ni zan zama idon."

"Wata biyar kina shan wahalar nan, ni kuma ina baya ina jin haushinki."

"Gara ki ji haushina da ki raina shi."

Hinda ta juya ta ga Ɗalha tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Sau nawa na buɗe baki zan faɗa miki, sai in ji tsoro."

"Tsoron me, Malam? Shekara biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya. Idon bai dame ni ba. Abin da ya dame ni, da jiya ka kashe bawan Allahn nan, da ban san dalili ba."

Jamila ma ba ta kwana da abin a ciki ba. Ta ba mahaifinsu labarin amalanke, shi kuma ya kira Hinda a waya ya tambaye ta kai tsaye ko idon mijinta lafiya. Ba ta iya yi masa ƙarya ba. Kafin la'asar ya aiko a ɗauke ta.

Kwana goma sha biyu ta yi a gidan iyayenta a Magarya. Gidan ya rabu biyu. Jamila da gwaggonninsu suka ce yaudara ce, auren da aka gina a kan ɓoye-ɓoye ba aure ba ne, a karɓo mata takardarta tun ba haihuwa. Mahaifiyarta ba ta cewa komai sai "a bi a hankali." Hinda takan shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta wanke fuska. Tana jin zafin abin da aka yi mata, amma duk lokacin da ta tuna Inna da lemon tsaminta, sai zuciyarta ta karye.

"Har yanzu son shi kike?" Jamila ta tambaye ta.

"Yaya, mutumin da na aura shi ne dai wannan. Da ido ɗayan ya gan ni ya ce yana so."

Rana ta goma sha uku Ɗalha ya zo, a bayan babur ɗin kabu-kabu, rigarsa duk jar ƙasa. Ya durƙusa a zaure gaban surukinsa, ya zaro makullin mota da permi ya ajiye a kan tabarma.

"Baba, na yi laifi biyu. Na ɓoye muku, kuma na hau hanya da rayukan mutane alhali na san halin da nake ciki. Ga makulli. Duk hukuncin da kuka yanke na karɓa."

Dattijon ya daɗe yana kallon makullin. "Da ka faɗa mini tun farko, da na ba ka ita. Ni ma ƙafata ɗaya ba ta da ƙarfi, uwarta ba ta guje ni ba. Amma ka ɗauki 'ya'yana biyu a mota kana ganin rabin hanya." Ya aika aka kira Hinda. "Ke me kika ce?"

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ina so in koma ɗakina. Amma ina roƙon abu biyu. Mu je Damagaram likitan ido ya duba shi. Sannan in bakans ta zo, aka ba mu hutun makaranta, a bar ni in shiga oto-ekol in koyi tuƙi."

Jamila, da take laɓe bayan ƙofa, ta ce, "Ke za ki tuƙa shi? Dungas za ta cinye ku da baki."

Mahaifin ya dubi Ɗalha. "Ka ji. Za ka iya ɗaukar wannan?"

"Zan iya, Baba."

Likita ya ce na daman ba zai dawo ba, na hagun ma ya gaji, yana bukatar tabarau. Ya shawarce shi ya bar doguwar hanya. Motar ta yi wata bakwai a ƙarƙashin rumfa, Ɗalha yana tayar da ita duk safiyar Juma'a don kada batir ya mutu. Da bakans ta zo Hinda ta tare gidan ƙanwar mahaifiyarta a Damagaram. Ta faɗi jarrabawar farko wajen ja da baya, ta kira mijinta tana kuka, ya yi ta lallashinta yana kwatanta mata yadda ake karya sitiyari. A ta biyu ta ci.

Da ta fara tuƙa mijinta, baki kuwa an yi shi. A majalisar bakin kasuwa har suna suka sa masa, wai "Alhaji mai direba." Ranar farko ya dawo gida ransa a ɓace, ya ƙi cin abinci. Hinda ta zauna kusa da shi ta ce, "In abin ya yi maka nauyi, mu sayar da ita."

Ya girgiza kai. "Shekara shida ina ɓoye abu ɗaya, kullum gabana yana faɗuwa. Yanzu kowa ya sani, kuma ban mutu ba. Su yi ta faɗa."

Ba a yi wata uku ba maganar ta mutu, don kuwa masu tsokanar su ne suka fara aiko matansu. Mace za ta je awo Magarya, mijinta ya fi natsuwa a ce Madam Hinda ce za ta kai ta. Wata Asabar ma Jamila da kanta ta kira, ta yi ta zagaye-zagaye kafin ta fito da abin da ke ranta.

"Wai oto-ekol ɗin nan, sati nawa ake yi?"

Hinda ta rufe bakin wayar da hannu, ta dubi Ɗalha da yake gefe yana goge tabarau, suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce, "Ki zo gobe, Yaya. Akwai fili bayan lakkol ɗinmu, Malam zai nuna miki giya, ni in nuna miki birki."

Da Hinda ta bi zugar farko ta tayar da rigima a kan kujera, da ta rabu da mijin da yake son ta, ta kuma ɗauki alhakin tsohuwar da take wahala dominsu. Ta yi haƙuri ta nemi dalili kafin ta yanke hukunci, Allah kuma ya ba ta gidanta da girmanta. Shi kuwa Ɗalha ya gane cewa lalurar da Allah ya ɗora wa mutum ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ga matarsa ne ya kusa raba su. Wanda duk ya riƙe sitiyari kuma, ya sani ba ransa kaɗai ya ɗauka ba.