Matuƙin da Auta Ta Hana Shi Mutuwa

"Wanne ne gaskiya a cikinsu?"

Auta ta tsaya cak a ƙofar falo, da tiren ruwa a hannunta. Mai agogo, saurayin da take jira tun safe, bai ko zauna ba. Littattafai huɗu ya jera a kan tebur, sababbi fil, ita kuwa tun daga bangonsu ta gane su.

"Sannu da zuwa..."

"Ba gaisuwa ce ta kawo ni ba, Auta. Na karanta su. Da idona na karanta su, har shafin ƙarshe!"

Shi ke nan, yau asiri ya tonu.

Wata biyar ke nan da haɗuwarsu, a asibiti, ɗakin masu ciwon ido. Gado shida ne a ɗakin, kowanne da shuɗin labulensa. Babanta, tsohon malamin makaranta, yana gadon jikin taga, ana ƙoƙarin ceto ɗan ganin da ya rage masa. A gadon da ke kusa da shi kuwa wani saurayi ne mai gyaran agogo, wanda wani siririn ƙarfe ya tsinke daga cikin agogon bango ya faɗa masa a fuska. An naɗe masa idanu duka biyu, sai hanci da baki kawai ake gani.

Kullum da yamma, in rana ta karyo ta cikin labulen ta mayar da ɗakin shuɗi-shuɗi, Auta za ta ja kujera ta buɗe wa Baba littafi. Shi Baba ba ya zaɓe. Yau labarin ɗan sanda mai bincike, gobe tarihin wata likita da ta yi yaƙi da annoba, jibi tafiyar jirgin ruwa, gata kuma littafin kiwon zuma. Duk wanda hannunta ya kai kansa, shi ne na ranar.

A rana ta uku wata murya ta fito daga bayan labule.

"'Yar'uwa, don Allah ɗan ɗaga murya. Kin bar ni a tsakiyar teku, ni kuma ban iya iyo ba."

Baba ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce a yaye labulen. Tun daga ranar ba a sake rufe shi ba.

In barci ya ɗauke Baba, sai su biyun su ci gaba ƙasa-ƙasa. Shi na zuma ya fi so, wai bai taɓa sanin ƙudan zuma rawa suke yi wa juna kwatancen inda fure yake ba. Ita ta fi son na jirgin ruwa. Su yi ta musu har mai rabon magani ta shigo ta harare su. Wata rana ya ce ta matso da hannunta, ya kara kunne a agogonta yana saurare.

"Yana jan ƙafa. Minti uku yake ci miki kullum."

"Ta ina ka sani?"

"Ta lokacin shigowarki na sani. Duniya ta ce ƙarfe huɗu, ni sai in ƙara uku in fara jin takunki."

Wayyo Auta! Ranar a kan iska ta taka har gida. Ta wuce layinsu ba ta sani ba, sai da mai kantin kwana ya ƙwala mata kira.

Ana gobe za a kwance wa mai agogo ido, likita ya gaya masa gaskiya: ko ya gani, ko kada ya gani. Ya daɗe yana murza bakin zanin gado, sannan ya ce, "In ban gani ba fa, Auta?"

"Ko ka gani ko ba ka gani ba, ina sonka."

Haka ta faɗa, ba ta ko numfasa ba. Washegari idon dama ya buɗe, na hagu ya tafi ke nan. Ita ya fara nema da wanda ya rage.

To amma Auta tana da wani abu da ta ɓoye. Tun rasuwar mahaifiyarsu, shekara biyu baya, Baba ya yi kukan da ita ba ta son ta sake ganin irinsa. Sai ta ɗaukar wa kanta alkawari: mutuwa ba za ta sake shiga kunnensa ta bakinta ba. In ta hango ƙarshen littafi zai yi ɗaci, sai ta kafe ido a kan shafin ta shiga ƙirƙira. Ta iya kuwa! Muryarta ko gezau, har shafi take juyawa.

Mutum ɗaya ce ta lura, 'yar ƙanwar mahaifiyar mai agogo, wata 'yar gayu da ke kawo masa abinci tana zama tana latsa waya. Ita mahaifiyarsa ta so ya aura tun tuni. Wata yamma ta leƙo ta kafaɗar Auta, ta ga rubutu ya ƙare a tsakiyar shafi amma baki na ta zuba. Ba ta ce uffan ba, ta adana abinta. Sai da ya shaida wa gidansu cewa Auta yake so, mahaifiyarsa ta ce ba da yawunta ba, sannan 'yar gayun ta sayo littattafan nan huɗu ta kai masa har shago da murmushinta.

Yanzu ga su a kan tebur.

Ya ɗaga na farko. "Ɗan sandan nan. Kin ce ya gano ɗan'uwansa ba shi da laifi. A nan kuwa da hannunsa ya sa masa ankwa."

Auta ta ajiye tiren a hankali.

"Likitar nan, kin ce ta tsufa cikin jikokinta. Annobar ce ta kashe ta tana da shekara talatin da takwas. Har littafin zuma ba ki bari ba, Auta! Amyar da sanyi ya kashe, ke cewa kika yi wai sun yi ƙaura sun sami wani lambu!"

Da a wani lokaci ne, da dariya za su yi har su riƙe ciki. Yau babu wanda ya yi.

"Don Baba na yi..." ta ce, muryarta can ƙasa.

"Na sani. Tausayi ne. Ai shi ne abin da ya hana ni sukuni." Ya zauna a hannun kujera. "Kin san me ƙanwata ta ce da ta kawo min su? Ta ce, 'Yaya, wadda ta tausaya wa mutanen takarda, ai dole ta tausaya wa makaho a kan gado.' Na kore ta. Amma maganar ta ƙi fita daga shagon."

Ya ɗago ya dube ta da idon nan ɗaya.

"Ranar da kika ce kina sona... ni ma ƙarshena kika gyara min?"

Me za ta ce? In ta rantse, da wannan muryar za ta rantse, muryar da ta raya likita ta kuma kai ƙudan zuma lambu. Hawaye kawai ke zuba.

Sai ga ƙwas-ƙwas ɗin sanda daga ɗakin ciki. Baba ne ya fito yana laluben bango. Aikin da aka yi masa bai yi ba, duhu ya gama rufe shi tun watan jiya. Mai agogo ya miƙe da sauri ya durƙusa ya gaishe shi, ya kama hannunsa ya zaunar da shi.

"Na ji komai," in ji Baba. Ya juya fuskarsa inda yake jin shessheƙarta. "Auta. Matuƙin jirgin nan fa? Wanda ya dawo gida ya tarar da matarsa tana shanya?"

"Baba..."

"Ke nake tambaya."

"Bai dawo ba, Baba."

Tsohon ya ɗora hannuwansa biyu a kan sanda.

"Wata biyar ina murna da dawowar bawan Allahn nan," ya ce a hankali. "Ashe yana can ƙarƙashin ruwa, ba wanda ya yi masa kuka a gidan nan. Ɗauko littafin. Karanta min yadda ya tafi."

"Ba zan iya ba, Baba. Za ka tuna da Mama."

"Yo da mantawa na yi? 'Yar nan, idona ne ya mutu, ba zuciyata ba. Ki bar ni in yi kukana, nawa ne."

Ta ɗauki na jirgin ruwan. Ta nemo shafin da ta taɓa tsallakewa a asibiti, ta fara.

Ta karanta yadda iska ta kwanta bayan kwana uku tana hauka, teku ya yi lumui. Yadda matuƙin ya sa yaran jirginsa duka a ƙaramin kwale-kwale, wuri bai ishe shi ba, ya ce su tafi zai biyo su. Yadda ya zauna a saman jirgin ruwa na hawa a hankali, ya cire takalmansa ya jera su gefe guda, yana kallon tsuntsaye suna wucewa ta wajen gida. Muryarta ta karye sau biyu, sau biyun kuma ta ɗaure ta ci gaba. Ba ta ƙara ko harafi ba. Inda rubutu ya tsaya, nan ta tsaya.

Hawaye na bin gemun Baba, amma fuskarsa a sake take, irin sakewar da Auta ta daɗe ba ta gani ba.

"Allah sarki," ya ce. "Namiji ne. Na gode, Auta."

Ya miƙe, ya ƙi a riƙe shi. A bakin ƙofa ya tsaya. "Kai kuma ɗana, tambayarka na nan. Ni na ba ku wuri."

Auta ta share fuska da gefen mayafinta. Wani ƙarfi ne ya zo mata, ba ta san daga ina ba.

"Gaskiya kake so? To zauna ka ji ta."

Ya zauna.

"Ranar da aka kwance maka ido, na tsorata da na hagun. Sai da na yi kwana biyu kafin in iya kallonsa sosai. Kana da baƙin naci, in ka kama musu ba ka saki. Littafin zumar nan da kake yabo, wallahi barci yake sa ni, don kai kawai nake karanta shi. Mahaifiyarka ba ta sona, kuma ban san ko za ta taɓa sona ba. Babana ba zai sake gani ba, duk inda zan zauna sai na riƙa zuwa kullum ina duba shi, ko ka so ko ka ƙi. Ban san yadda za mu ƙare ba, ni da kai. Ba zan ce maka daɗi za mu sha ba."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Na tausaya maka, ƙwarai kuwa. Na tausaya wa mutum shida a ɗakin nan. Amma mutum ɗaya na wuce layin gidanmu saboda shi. Ina sonka. In ba ka yarda ba, ga ƙofa nan, ba ni da wata muryar da zan faɗa maka da ita."

Mai agogo ya daɗe yana kallonta. Sannan a hankali bakinsa ya fara motsi.

"Barci yake sa ki? Littafin zumar?"

"Kamar an ba ni magani."

Dariya ta ƙwace masa, hawaye na fita ta idon dama, har da na hagun da ba ya gani. "Wayyo masoyiyata... Ban taɓa jin zagin da ya yi min daɗi irin wannan ba. Ki yafe min, Autata. Na yarda. Wallahi na yarda."

"Mahaifiyarka fa?"

"Gobe zan kai ki wurinta. Ki yi mata magana kamar yadda kika yi min yanzu, kada ki sa mata sukari ko kaɗan."

Ta je kuwa. Tsohuwar ta saurare ta fuska a ɗaure, ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma sake cewa a'a ba. Bayan wata biyu aka ɗaura auren. Da 'yan'uwa suka taru suna ta yi wa amarya alkawarin zaman daɗi har abada, surukar ta matso kusa da ita ta ce, "Ni har yanzu ban gama sonki ba."

"Na sani, Mama," in ji Auta. "Zan jira."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa, ta ja tsaki, sannan ta miƙa hannu ta gyara mata mayafin da ya zame daga kafaɗarta.