Fasinjar Jirgin da Aka Yi wa Ritaya

Kamfaninmu ya sayi sababbin jiragen sama, aka yi wa tsofaffin ritaya, gatan da ni injiniyansu ban samu ba tukuna. Ni aka tura in duba na ƙarshe kafin masu yanka ƙarfe su zo.

Bayan magariba na shiga da tocila. Jirgin ba batir, amma ina kaiwa baya ƙararrawar kiran ma'aikata ta yi ƙara. Sai warin man zafi. Da na juya, wata tsohuwa na zaune tsakanina da ƙofar fita, jaka a cinya.

"Ɗan nan, yaushe za mu sauka?"

"Iya, jirgin nan ya shekara bai tashi ba."

"Haka direban ma yake ta faɗa. Zauna ka ɗaura bel, kana tare wa mutane hanya."

Wani ya yi gyaran murya dab da ƙeyata. Digirina biyu, amma ban yarda na waiwaya ba. Na haska ƙasa don in ga ta inda zan raɓa ta in fice.

Ni da hannuna na kwance kujerun jirgin nan makon jiya. Tana zaune daram, kuma babu komai a ƙarƙashinta.