Farin Kunkurun Mai Lambu

Ranar bakwai ga watan huɗu, da hantsi, wani mai lambu a tsohuwar Japan ya shafe kunkuru da garin shinkafa, ya kai shi fada. A al'adarsu, in aka kawo farar dabba, sarki yakan sake wa zamani suna, ya yi kyauta.

Sarki ya ce, "Haka ka tsince shi?"

"Haka na tsince shi, ranka ya daɗe."

"To, kai ne mai tsaronsa. Ranar da ya yi baƙi, a bakin ranka."

Kullum matarsa tana daka, kullum yana shafawa. Da damina yana bin kunkuru da laima.

Shekaru suka wuce, sarki ya rasu, fadawa ma suka rasu. Saura mai lambu da matarsa, sun rankwafa, da kunkurun, wanda ko tsufa bai fara ba.